Yayana ya gan ni a kan doki, ya ce in biya wa kaina rajista

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Daura ne, shekarata 23, ina aji uku a sashen Tarihi a ɗaya daga cikin jami'o'in da ke Katsina. Mahaifinmu ya rasu ina ƙaramar sakandare. Tun daga lokacin yayana ne ke riƙe da gidanmu da shagon hatsin da yake da shi a kasuwa. Shi bai wuce sakandare ba, kuma shi ke biya mani komai.

A farkon wannan zango na biyu 'yan sashenmu suka zaɓe ni shugaban kwamitin makon ɗalibai. Mun tsara ranar al'adu, muhawara, gasar ƙwallo tsakanin azuzuwa, ziyarar rijiyar Kusugu, da liyafar dare a wani ɗakin taro cikin gari. Mun yanka wa kowa naira 4,000, mutum 85 sun biya, kuɗin suna cikin asusuna na banki. Don mu zaburar da waɗanda ba su biya ba muka yi hayar doki, aka naɗa mani rawani, aka ɗauki bidiyo aka sa a TikTok. Wani ya kai wa Yaya a shago. Ya kira ni ya ce: "Ni ina nan ina shaƙar ƙaiƙayi, kai kana can kana sarauta. To sarki ya biya wa kansa rajista." Ya kashe waya. Yau kwana tara ba ya ɗaukar kirana. Inna ta ce in bar komai in ba shi haƙuri.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. A zangon da ya wuce CGPA ɗina, wato matsakaicin makina tun daga aji ɗaya, ya sauko daga 3.62 zuwa 3.41, lokacin ina yi wa wani abokina kamfen, ina kuma cikin 'yan ƙwallon tsangayarmu da ƙungiyar ɗalibai 'yan garinmu. A wannan zangon ma tes ɗaya ya wuce ni. Sannan na ɗauki naira 25,000 cikin kuɗin abincin da Yaya ya turo na ba mai ɗakin taro kafin alƙalami. Saura mako huɗu a yi bikin, saura mako bakwai a fara jarrabawa. In na sauka yanzu za a ce na gudu da kuɗin mutane. In na ci gaba ina tsoron in rasa Yaya. Malam, yaya zan yi?

Ƙaninka daga Daura

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na rage mata tsawo, na cire sunayen da ka ambata. Ba zan ɓoye maka ba, da na zo wurin doki da rawani sai da na yi dariya, don na san yadda abin ke farawa. Ana tsaye ƙarƙashin darbejiya a bakin sashe, wani ya ce wallahi da za mu samu doki da magana ta ƙare, kafin la'asar sai ga doki har da ɗan ƙwarbai. Amma da na iso ƙarshen wasiƙar dariya ta tsaya. Ka rubuto ne a kan fushin Yaya, alhali abin da ke hana ka barci yana can ƙasa: 3.41, da dubu ashirin da biyar, da kuɗin jama'a a asusunka. Yaya bai san ko ɗaya daga ciki ba. A kan ɗan gajeren bidiyo kawai ya yi wannan fushin. Ka ga ke nan da sauran rina a kaba.

Bari mu fara da shi. Ka fi ni sanin shagon hatsi. Ka san yadda ƙaiƙayin gero ke shiga wuya da ido a watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar nan ke haura digiri 40, ka san ribar da ke cikin tiya ɗaya, kuma in ka zauna za ka iya lissafa tiya nawa ake aunawa kafin kuɗin rajistarka su haɗu. Yaya bai taɓa zama a ɗakin lakca ba. A wurinsa jami'a wuri ne da yake tura kuɗi yana jiran ranar da za a fito da takarda. Duk abin da ya sani game da zamanka can daga bakinka ya ji shi, kuma ina kyautata zaton bai wuce "lafiya lau Yaya, kuɗin handawut ne suka taso" ba. Kwatsam rana ɗaya, a gaban abokan kasuwa, aka miƙo masa waya. Wanda ya kai masa ba lallai da mugun nufi ya yi ba, amma ka san bakin 'yan kasuwa: "Alhaji, ashe naɗi aka yi a gidanku ba a gayyace mu ba?" Kowa ya kwashe da dariya, shi ma ya yi yaƙe. Daga nan maganar da ya yaɓa maka ta fito. Ka sake saurarenta a zuciyarka, za ka ji da kansa ya fara: "Ni ina nan." Mutumin da ya ajiye nasa karatun don naka ya yiwu ne ke tambaya ko har yanzu kana sane da shi.

Ban ce ya kyauta ba. Barazanar tsinke maka karatu da ƙin ɗaukar waya har kwana tara sun yi yawa, da shi ne ya rubuto mani da na gaya masa haka. Amma kai ka rubuto, kuma babban wa uba ne. Ban yi tsammanin wanda ya yi kusan shekara goma yana ɗora tubali zai juya baya saura ƙiris a yi rufi ba. Inna kuma maganar uwa ta yi, wadda ba ta son ganin 'ya'yanta biyu ba sa ga maciji. Rabin maganarta ka riƙe da hannu biyu, wato ba da haƙuri. Ɗaya rabin, "bar komai", ba zai yiwu yadda ta faɗa ba, don ba ta san akwai kuɗin mutum 85 a tsakani ba.

Kar kuma a sa ka ji kamar duk abin da ka yi shashanci ne. Zango na biyu haka yake a kusan kowace jami'a tamu. Sababbin ɗalibai sun gane hanya, 'yan ajin ƙarshe suna haramar tafiya, shugabannin ƙungiyoyi kuma kowa na son ya nuna abin da ya yi kafin ya miƙa mulki. Sai komai ya taru a 'yan makonni: zaɓen ƙungiyar ɗalibai, makon sashe, ranar al'adu ta 'yan kowace ƙaramar hukuma, wa'azi da musabaƙa na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, gasar ƙwallo, da masu yawo da fararen riguna ana sa masu hannu. Yajin aiki kuma ya hargitsa kalanda, musamman na ASUU na 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, shi ya sa za ka ga wata makarantar tana wannan hidima cikin bazara, wata cikin damina, wata ma cikin azumi. Akwai ilimi a ciki wanda ba a rubuta shi a allo. Wanda ya taɓa rubuta wa shugaban sashe wasiƙa aka dawo masa da ita sau uku, ya yi ciniki da direban bas, ya tsaya gaban mutum ɗari suna masa ihu ya yi bayani, ya koyi abin da zai ci da shi har tsufa. Kai ɗalibin Tarihi ne, ka san tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ba littafi kaɗai suka sani ba. A can Sardauna ya ƙware a wasan fayis, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da hannu a jikin bango, kuma har ya zama Firimiya bai daina bugawa ba. Sai dai su suna da ƙararrawa da malami a kansu, in lokacin wasa ya ƙare ya ƙare. A jami'a babu mai kaɗa maka ƙararrawa, kai kuma, in na fahimci wasiƙarka, ba ka iya cewa a'a ba. Kamfen, ƙwallo, ƙungiyar 'yan gari, yanzu kwamiti. Taura biyu ma ba ta taunuwa, bare huɗu.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafi, don tsoron da ba a auna ba ya fi wanda aka auna girma. A ma'aunin maki biyar da mafi yawan jami'o'inmu ke bi, daraja ta biyu babba tana farawa daga 3.50, daga 2.40 zuwa 3.49 kuma ƙarama ce. Ka ga ka sauka daga wannan ɗaki zuwa wancan, kuma ka san masu ɗaukar aiki da masu ba da gurbin ƙaro karatu da yawa a kan wannan layin suke tsayawa. Mu ƙaddara kana ɗaukar yunit 20, wato jimlar nauyin kwasa-kwasanka, kowane zango, kai ka gyara da ainihin naka. Zango biyar yunit 100 ke nan, makinka 341. Wannan na nufin a zangon da ya wuce abin da ka samu bai wuce 2.6 ba, wato yawanci C, har da abin da ya gaza C. Saura zango uku, yunit 60. Don ka fita da 3.50 kana buƙatar maki 560 gaba ɗaya, saura 219 ke nan, wato 3.65 a kowane zango. Wannan ba abin tsoro ba ne, kusan abin da kake samu ne da can kafin ka shiga hidimomi. Amma in ka bari wannan zangon ya tafi a 3.0, to a aji huɗu sai ka samu kusan 4.0 sau biyu a jere, ga furojet a wuyanka. Saboda haka waɗannan mako bakwai sun fi duk wani mako bakwai da ka yi a makarantar nan tsada.

Kafin ka taka ƙafa zuwa Daura, akwai abin da za ka yi gobe-goben nan, shi ne ka raba kanka da kuɗin nan. Naira 340,000 na mutane a asusun da kake sayen kati da biyan mai shayi, wannan ya fi doki haɗari. Ban zarge ka da komai ba. Ni ma ina ɗalibi na taɓa riƙe kuɗin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a aljihu, ban ci ko sisi ba, amma ranar lissafi aka rasa inda wasu suka shiga, don na sayi fenti da ƙusa da ruwan sanyi ban karɓi rasit ba. Na tsaya ina rantsuwa a gaban yara 'yan aji ɗaya, gumi na karyo mani. Har muka gama akwai wanda in ya gan ni sai ya ce "ma'aji, ina canji?" Gaskiyar da ba ta da takarda wahala take sha. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, take magana a kan rubuta bashi da kafa shaidu.

Ka nemi bayanan shige da ficen asusunka daga ranar da aka fara biya, ka buga a takarda. Ku zauna da ma'aji da sakatare da malamin da ke uban ƙungiyarku, ku bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin hayar doki. In ƙungiyar sashe tana da asusu, a mayar da kuɗin can. In babu, malamin ya faɗi inda za a ajiye, kuma kar a ƙara fitar da ko naira ɗari sai da sa hannun mutum biyu. A liƙa lissafin a allon sanarwa, a tura a zauren WhatsApp na kowane aji. Da zarar ka yi haka, maganar "za a ce na gudu da kuɗi" ta mutu, ko ka zauna ko ka sauka. Dubu ashirin da biyar ɗinka kuma, in da yawun kwamiti ka biya, ka sa a rubuta bashi ne a biya ka. In kai kaɗai ka yanke don a ce shugaba ya iya aiki, to ka nemi mai ɗakin taro da lalama ko zai mayar da wani abu, abin da bai dawo ba ka ɗauke shi kuɗin darasin da ka koya.

Sai shirin kansa. Abu biyar a mako ɗaya, mako uku kafin jarrabawa, ya yi wa sashe ɗaya yawa. In da ni ne, liyafar dare zan fara sokewa. Ita ce mafi cin kuɗi, ita ce ake yi a wajen makaranta cikin dare, ita ce iyayen ɗalibai mata da yawa ba za su bari a je ba duk da sun biya kuɗinsu, kuma daga ita ne wasu bidiyoyin za su fito waɗanda na doki zai zama wasan yara a kansu. Ba ta kuma da wata alaƙa da Tarihi. Za a yi maka gunaguni, musamman 'yan aji huɗu da ke son bankwana. Ka ce masu ƙofa a buɗe take su shirya tasu bayan jarrabawa da kuɗinsu. Kar ka yanke kai kaɗai. Ka kira taron sashe, ka karanta lissafi, ka nuna cewa kuɗin mutum 85 ba za su ɗauki bas da ɗakin taro da abinci da kofin ƙwallo ba, ka bari a ɗaga hannu. Ranar al'adu da muhawara za su iya zama yini ɗaya a harabar makaranta: safe muhawara, yamma kowa ya fito da kayan garinsu, a baje fura da dambu da ƙuli-ƙuli, a tashi kafin magariba. Ƙwallo ka miƙa wa mai kula da wasanni gaba ɗaya, kar ma ka san wa ya sayo usur.

Ziyarar Kusugu ita ce zan ce a riƙe. Abin kunya ne mutum ya yi shekara huɗu yana karanta Bayajidda da Daurama da Hausa Bakwai a Katsina, rijiyar tana kilomita 80 ko kusa da haka daga inda yake zaune, bai taɓa leƙa ta ba. Amma a yi ta bisa ƙa'ida. A samu izini a rubuce daga shugaban sashe da ofishin harkokin ɗalibai, a nemi motar makaranta tun yanzu don ba a fafe gora ranar tafiya, malami aƙalla ɗaya ya raka ku, a rubuta sunan duk wanda ya shiga mota da lambar wani nasa. A fita da sassafe a dawo da rana a sama. In kuna son shiga fada, takarda ta riga ku isa da kwanaki. In kuɗi ko izini suka gagara, Katsina ma ba ta rasa abin gani ba: ga hasumiyar Gobarau, ga ginin tsohuwar kwalejin da na ambata wanda yanzu gidan tarihi ne, ga ƙofofin gari irin su Ƙofar Sauri da Ƙofar Guga da Ƙofar Ƙaura, duk kuɗin Napep ne. Wannan ziyara da sa ido a kan lissafi su kaɗai za ka riƙe a hannunka. Sauran ka raba, kowa da nasa, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako na awa ɗaya. Na san abin da za ka ce, wai in ba kai ba ba za a yi daidai ba. Wataƙila ba za a yi yadda kake so ba. A yi hakan.

To, sai babbar tafiyar. Ka daina kiran waya, ka daina tura saƙo, kar kuma ka aika abokinka. Zumunta a ƙafa take. Ranar Juma'a ka shiga mota. Ka fara da Inna, ka gaya mata komai, har sakamakon da kuɗin, don kar ta ji daga baya ta ga kamar ka yi amfani da ita. Yaya kuma kar ka tare shi a shago gaban mutanen da suka yi masa dariya. Ka jira ya dawo gida, ya yi wanka, ya ci abinci, bayan isha'i. Ka shiga ka zauna a ƙasa. Kar ka fara da bidiyo, ka fara da abin da bai sani ba. Ka miƙa masa takardar sakamako ka ce: "Yaya, na zo ba da haƙuri, kuma laifina ya fi wanda ka gani. Makina ya sauka ban gaya maka ba, kuma na taɓa kuɗin abincin da ka turo na sa a hidimar makaranta." Za ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gara ya ji daga bakinka yau da ya ji daga bakin mai kai bidiyo gobe. In ya yi faɗa ka yi shiru har ya gama. Kar ka yi masa turancin koyon shugabanci da gogewa, a daren nan ba za su shiga ba, sai ma su zama kamar kana nuna masa ka yi boko.

Yaren da Yaya ya fi ji shi ne lissafi, sana'arsa ke nan. In ya huce, ka nuna masa takardu biyu. Ta farko wadda muka yi ɗazu: ga inda nake, ga inda nake son fita, ga abin da zan samu kowane zango. Ka bayyana masa yadda za ka bayyana wa mai saye bambancin tiya da rabin tiya. Ta biyu lissafin kuɗin ɗalibai, da sa hannun malaminku. Sannan ka tambaye shi, tambaya ta gaskiya ba ta dabara ba: "Yaya, amanar mutane ce a hannuna, ta yaya kake ganin zan fita lafiya?" Ɗan kasuwar da ake bar wa buhuna ajiya ya san nauyin amana fiye da mu 'yan biro. Zai yi wuya ya ce ka watsar ka gudu. Kuma tambayar kanta magani ce, don shekara uku ke nan kuɗi kawai kake nema a wurinsa, ba ka taɓa neman shawararsa a kan abin da ya shafi jami'a ba.

Alƙawarin da za ka yi masa ya zama wanda zai iya dubawa da idonsa. Za a sauke bidiyon, ko da yake wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ya shiga. Daga yau duk sakamakon da ya fito, shi zai fara gani. In an gama wannan biki ba ka ƙara karɓar wani muƙami har ka gama, kuma kamfen da ƙwallo ka ajiye su tun yanzu. Kar ka yi alƙawarin za ka fita da daraja ta ɗaya don ka faranta masa rai, lissafi bai ba da haka ba.

In duk da haka ya ce lallai sai ka sauka, ka sauka. Ka roƙe shi mako ɗaya ka miƙa komai ga mataimakinka a gaban malaminku, da takarda da sa hannu, ka gaya wa 'yan sashe cewa dalili na gida ne ya taso. Za a yi surutu kwana uku a koma maganar jarrabawa. Kujerar kwamiti ta mako ɗaya ce, a aji huɗu ma ba kowa zai tuna wa ya riƙe ta ba. In kuma ya ƙi sauraronka sam, kar ka yi zuciya ka kama hanyar Katsina da dare. Ka kwana, ka gaishe shi da safe kamar kullum, sannan ka nemi wanda yake jin nauyinsa, baffanku ko kawunku ko limamin unguwa, mutum ɗaya tak mai riƙe sirri. Rajista ta gaba da sauran watanni, akwai lokacin da zuciya za ta sauko. Ya kamata dai ka san cewa in jami'arku ta gwamnati ce, akwai asusun bashin karatu na tarayya, NELFUND, da ya fara aiki a 2024. Babu kuɗin ruwa a ciki, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Akwai kuma hukumar tallafin karatu ta jiha. Amma in za ka nema, ka gaya wa Yaya tukuna, a matsayin rage masa kaya. In ka yi a ɓoye don ka nuna masa za ka iya ba shi, ka ƙara wa wuta fetur.

Maganar tes da ya wuce ka, kar ka bar ta ta kwana. Tes da aikin gida su ne maki 30 ko 40 cikin 100, gwargwadon tsarin makarantarku, wanda ya rasa su yana shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Ka je wurin malamin a ofis, ka faɗi gaskiya, ka roƙi ko zai ba ka wani aiki a madadi. Kar ka kuskura ka kai takardar asibiti ta ƙarya, sun ga irinta ta fi ɗari. In ya ƙi, ka gode masa ka ninka karatun kwas ɗin. Ka kuma duba rajistar halartar aji, don jami'o'i da yawa suna sharɗanta kashi 75 cikin 100 kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa, kuma akwai malaman da ba sa ɗaga ƙafa. Da zafin nan karatun rana wahala ne, ka mayar da shi bayan asuba zuwa ƙarfe takwas, waya a kashe a ƙarƙashin filo. Kwamiti ba zai rushe kafin takwas ba.

Akwai wani abu da nake hange, amma kar ka ambata shi a daren farko. In Allah ya sa Yaya ya sauko, kuma ziyarar Kusugu ta tabbata, to garinku za ku. Ka roƙe shi ya nuna maku mai fura ta kirki da inda za a yi maku abincin rana da sauƙi, shi ya san gari ya san farashi. Ranar kuma ka roƙi malaminku ya tsaya minti biyar a shago su gaisa. Ka bari maƙwabtan da suka ga doki a waya su ga malamin jami'a ya sauko daga mota ya miƙa wa Yaya hannu yana cewa shi ne yayan wane. Gani ya kori ji. In ka ga ransa bai so, ka bar maganar.

Ka buga takardun nan ranar Alhamis, ka sa su a jaka tare da wata tsohuwar riga. Ko yaya daren Juma'a ya kasance, ranar Asabar ka karɓi makulli wurin yaron shago ka riga Yaya isa. Ka share, ka jera kwanuka, ka ɗauki tiya. In ya zo ya tarar da kai bai ce komai ba, kai ma kar ka ce komai bayan gaisuwa, ka ci gaba da awo har azahar. Ka gaishe mani da Inna, kuma ka rubuto bayan jarrabawa in ji yadda aka kwashe.